Mazarin da Muka Ɓoye wa Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a Kutemeshi ta wancan zamani uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. In tana son in miƙo mata ludayi sai ta fuskanci bango ta ce, "A miƙo ludayin nan." In kuwa laifi na yi, to a nan kunya takan ɗan tafi unguwa, don faɗan Inna ba ya bukatar suna. Na tashi ina ganin ƙannena suna hawa cinyarta, ni kuwa sai dai in tarar an ajiye ƙanzo mafi daɗi a gefen murhu, ba wanda ya ce nawa ne, ba kuma wanda ya isa ya taɓa.

Mace ce da Allah bai halicce ta da zama ba. Lokacin kaɗanya tana daji da mata suna tsintar ƙwara, lokacin ɗorawa tana dafa kalwa, in ba wannan ba wancan tana rafi ko tana bakin turmi. Dajin nan da yanzu in an ambace shi a rediyo mutane ke salati, a lokacin ɗakin ajiyarmu ne, abin tsoro a cikinsa maciji ne sai birai masu ɓarnar masara. Amma da an sallame la'asar, ko sama za ta faɗo, Inna sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu ta jawo taskirar kaɗinta. Ta shafa alli a yatsu, ta ɗaga auduga da hagu, ta murza mazari da dama a cikin ɗan ƙoƙo. Sai ka ji wani siririn kuka kamar na ƙudan zuma daga nesa, zare yana fitowa yana naɗe kansa.

Baba kuma yakan kifa tsohon turmi ya zauna kusa da ita yana tufkar igiyar rama. Ba sa hira. Sai dai in shirun ya ishe shi ya miƙa bakin igiyarsa ya ɗan taɓa audugar da ke hannunta, ita kuma ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Maigida, za ka tsinka mini zare." Ya yi dariya ya koma kan tufkarsa. Tun ina ƙarama nake jin wannan magana, har na yi aure, kuma ban taɓa ganin zaren ya tsinke ba.

Akwai wata al'ada ta tsofaffin garinmu da sai na faɗe ta za a gane wautarmu. Ba sa yarda mutuwa ta same su ba shiri. Mace in ta manyanta takan kaɗa zare mai kyau ta ba masaƙi ya saƙa farin likkafani, na mijinta da nata, a ninke a sa a ƙasan adudu. Ba abin baƙin ciki ba ne, kamar tanadin hatsi ne. Inna ta gama na Baba tun da daɗewa. Da kunnena na ji ta ranar tana ce wa Gwaggo, yayar Baba, "Yaya, na gama na ƙanenki, saura nawa in na huta." Suka yi dariya, don kowa ya san ranar hutun Inna ba ta cikin kwanakin mako.

Baba ya rasu a shekarar da motoci suka koma tuƙin dama. Ina tuna wannan ne saboda mijina direban motar katako ne, muna zaune a Birnin Gwari bakin titi, kuma kullum ya dawo sai ya yi mitar yadda hannunsa ke jan shi hagu. Lokacin sharar gona ne, zazzaɓi ya kwantar da Baba, kafin mai keke ya iso mini da saƙo an riga an kai shi. A cikin farin da Inna ta kaɗa aka naɗe shi.

Na zo zaman makoki da niyyar in zauna da ita har ta fita takaba. Na kuma zo da wani abu da ban gaya wa kowa ba, ko mijina: ina da ƙaramin ciki. Na sha ɓari a baya, har na kai in na ji alama sai tsoro ya riga murna zuwa. Don haka na kama bakina, na ce in ya zauna kowa ya gani, in ya tafi ni kaɗai na sani.

Takaba ta ɗauke wa Inna rabin rayuwarta, kamar yadda take ɗauke wa kowace mace. Ba kitso, ba lalle, ba kwalli, ba kasuwa, ba daji. Wannan addini ne da al'ada, ba mai ja. Ragowar rabin kuwa mu muka ɗauke da hannunmu, saboda tsabar ƙauna. In ta kai hannu ga tsintsiya sai Gwaggo ta fizge. In ta nufi turmi sai matar ƙanena ta rigaye ta. Ni kuma da na yi ajin yaƙi da jahilci ina ganin kaina wayayyiyar birni, na zo da ganyen shayi da burodi da madarar gwangwani da ɗan rediyo mai batir. Har malamin disfensare na tambaya kafin in taho, ya ce tsohuwa mai baƙin ciki hutu take bukata. Muka ba ta hutu kuwa, har ya yi mata yawa.

Wata rana da hantsi, makoki bai daɗe da watsewa ba, na kai mata tuwo da miyar kuka. Matar ƙanena hannunta na da nauyi a daddawa. Ina buɗe kwanon warin ya doke ni, na ajiye da sauri na ruga bayan rumbu na amayar da abin da ke cikina. Na wanke baki na dawo kamar ba abin da ya faru. Inna tana zaune fuskarta na kallon bango yadda na bar ta. Can sai ta ce, "A ɗauko mini taskirar kaɗina."

Gwaggo tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Na ga hannunta ya tsaya. Ta yafito ni waje, ta kama tsintsiyar hannuna har da zafi.

"Kin ji ko? Ta huta. Saura nata."

"Gwaggo, ƙila kaɗin kawai take so."

"Ke yarinya ce. Na ga irin wannan da idona. Mace ta kaɗa likkafaninta a takaba, ranar da aka sauke shi daga masaƙa ta kwanta. Ƙanena ya tafi, ba zan zuba ido ta bi shi ba."

Tsoro ya kama ni, don maganar ta yi daidai da abin da na taɓa ji da kunnena. Gwaggo ta ɗauki taskirar da mazari da komai ta cusa a cikin rumbun dawa. Aka ce wa Inna ɓera ya yi fitsari a audugar, mazarin kuma an ara ba a dawo da shi ba. Bayan 'yan kwanaki ta sake tambaya, aka sake yi mata hanya-hanya. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba, kuma wannan shirun ya fi tambayar ba ni tsoro.

Damina ta sauka, rafuka suka cika, hanyar mota ta yanke. Inna ta fara zubewa a gabanmu. Shayina takan kurɓa sau ɗaya don kada in ji kunya, burodin kuwa kaji suka yi ta shagali. Rediyon in na kunna sai ta ce a rage masa baki. Tuwo loma biyu, barci sai gyangyaɗi a zaune. Wuyanta ya zama kamar mariƙin lema, zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hannunta. Tana zaune shiru, amma babban yatsanta da manuni ba sa tsayawa, suna ta murza bakin zane, har ta warware masa gefe. Muka kawo rubutu, muka kawo saiwa, Gwaggo ta yi ta addu'a. Mu duka mun yarda cewa Inna tana tafiya, muna kuma yi wa kanmu barka da ba mu ba ta mazarin ba, da tuni ta tafi.

Inna tana da wata ƙawa tun ta ƙuruciya, Bagwariya ce, Kirista, daga wata unguwa da ke hayin rafi. Tare suke shiga daji tsintar ƙwara, in kuma gulma ta yi daɗi sai su juya harshe su bar Hausa. Mu Iya muke ce mata. Ta zo gaisuwa cikin taro, daga nan aikin doya da ruwan rafi suka riƙe ta. Ranar da ruwa ya ɗan janye sai ga ta, zane a ɗage, ƙwarya a kafaɗa cike da nunannun kaɗanya. Ta shiga ɗakin Inna ta daɗe. Da ta fito ba ta ko zauna ba.

"Me kuka yi wa ƙawata?"

Gwaggo ta ce, "Me kuwa muka yi mata in ban da gata? Ko tsinke ba ta ɗagawa a gidan nan."

"Shi ne ai. Ni in kuna son kashe ni ba sai kun nemo guba ba, ku ƙwace fartanyata ku ce in huta. Ba ku ga yatsunta ba? Kaɗi take yi ba auduga. Ina mazarinta?"

Gwaggo ta rage murya ta yi mata bayanin likkafani. Na zaci Iya za ta kama baki ta ce mun yi dabara. Sai ta tuntsire da dariya, a gidan takaba, har ta dafa rumbu.

"To in ma likkafanin ne fa? Ku da kuke naɗe mace a ƙyalle kan ƙyalle, zaren da zai yi wannan a hannun mutum ɗaya ai sai ya cinye damina ya shiga kaka. Mai kaɗa likkafani dole ta rayu ta gama shi. Na san ƙawata, ba ta barin aiki rabi. Ko Mala'ika ne ya yi sallama, cewa za ta yi ya jira a zaure ta cika mazari. Amma wannan da kuka zaunar, in ya zo me za ta ce masa ya jira?"

Iya ta juyo gare ni ta ce, "'Yata, hau rumbu. Auduga kuma ni zan kawo, ina da ta gonata da ban kai kasuwa ba, da anguryarta da ganyenta da dattinta. Kaɗan-kaɗan za mu riƙa ba ta. Kafin ta gyara ta kaɗe, mun ci sabuwar dawa."

Washegari bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, na ajiye taskira da ɗan dunƙulen audugar Iya. Na tsaya bakin ƙofarta, ni ma na fuskanci bango na ce, "An dawo da mazarin." Ta daɗe kafin ta fito, tana dafa gini. Ta zauna ta buɗe taskirar, ta duba kayan ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba 'ya'yan da suka dawo daga tafiya. Tana kaɗe ƙwayar dawa daga cikin taskirar ta dube ta a tafin hannu. Sannan ta ɗaga audugar ta juya ta.

"Wannan auduga ce ko shara? Wace ƙazamar ce ta tsinko ta?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Sai da na koma bayan ɗaki na yi kuka na yi dariya. Rabon da in ji muryar Inna ta fito da ƙarfinta tun Baba na da rai.

Ta fara tsince dattin, ta ɗora audugar a kan dutse za ta gurje angurya da ɗan ƙarfen gurza, sai ƙarfinta ya gaza. Ta gwada, ta sake gwadawa, ƙarfen ya ƙi tafiya. Ta yi tsaki ta ce, "A dama kunu. Mai tsamiya, ba wannan ruwan ganyen na 'yan birni ba." Ta shanye ƙoƙo guda tas. Ba don tana jin yunwa ta sha ba, don ƙarfe ya raina ta ne, ita kuwa ba ta ɗaukar raini.

Daga ranar gidan ya sake. Da safe a yi gurza da shiɓa, wato a bugi audugar da ɗan baka har ta tashi ta yi laushi, bayan la'asar kuma kaɗi. Ni aka ɗora wa gurza. Da na gwada kaɗin, zarena ya fito wani wuri kamar igiyar Baba wani wuri kamar yanar gizo, Inna ta ce wa bango, "An dai je birni an koyo karatu." In ruwa ya sauko sai mu koma rumfa, yana zuba a kan jinka, ƙasa na ƙamshi, matar ƙanena na gasa mana sabuwar masara. Gwaggo da farko takan zauna nesa tana harara, daga baya ita ma ta jawo faifanta na tsintar wake. Iya in ta haye rafi takan zo da dafaffiyar gyaɗa da ɗan dunƙulen auduga a ɓoye cikin zane, kamar mai fataucin abin da hukuma ta hana. Wata rana na tarar Inna ta yi barci a kan tabarma, mazari a hannu, har da minshari. Na hana kowa daka a gidan sai da ta farka.

Ni kaina aikin ya yi mini magani ban sani ba. Da, ko yaya marata ta motsa sai gabana ya faɗi, in ruga bayan gida in duba. Amma in ina durƙushe kan dutsen gurza, angurya na fita ɗaya bayan ɗaya, kukan mazari na shiga kunnena, sai in ga rana ta yi sanyi ban tuna da tsoro ba. Inna takan ce hannu in ya sami abin yi, zuciya sai ta sami wurin zama. Har yau da tsufana ina da mazari a ɗakina. In rediyo ya kawo labarin dajinmu mara daɗi, nakan kashe shi in ɗauko auduga. Zarena har yanzu ba ya saƙuwa, jikokina suna yi mini dariya, amma ni na san abin da nake kaɗawa.

Rana ɗaya ce kaɗin ya tsaya. Turmin Baba yana nan a kife inda ya bar shi, ba wanda ya iya ɗagawa. Wani ɗan akuya ya haye kansa, ya miƙo baki ya ja audugar da ke hannun Inna. Ba ta ɗago ba ta ce, "Maigida, za ka tsin..." Zaren ya tsinke, mazari ya kwanta a cikin ƙoƙo. Nan Inna ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi, kuka mai sauti, kafaɗunta na girgiza. Gwaggo ta yunƙura za ta ba ta haƙuri, Iya ta riƙe mata zane. Muka bar ta ta yi har ya ishe ta. Da ta gama ta share fuska da bakin mayafi, ta lashi yatsa ta haɗa bakin zaren da auduga, ta murza. A daren ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Duk da haka hankalina bai kwanta duka ba. Kullum mazari ya cika sai ta warware ta dunƙule ta jefa cikin adudu, adudun nan da likkafanin Baba ya fito daga ciki. Kumatunta na dawowa, dunƙulen zare na ƙaruwa, ni kuma ban san wanne zan kalla ba. Muka rage audugar, ta gane, ta ce, "A gaya wa mai audugar nan ta daina yi mini awon gishiri." Gwaggo ta ɗauki dunƙule ɗaya a ɓoye ta murza, ta girgiza kai. Ta ce na ƙanenta siriri ne kamar gashin kai, wannan kuwa abawa ce mai kauri, hannun Inna ya tsufa ke nan. Cikina a lokacin ya fara turo zane, ina ta lulluɓa da mayafi. Gwaggo ta gane ta rufa mini asiri. Inna kuwa na tabbata ba ta sani ba, tunda ko sau ɗaya ban ga idonta ya sauka a kaina ba.

Aka fita takaba dawa ta fara ciki. Inna ta yi wanka, aka yi mata kitso, aka ƙunsa mata lalle, aka raba gumba sadaka. Gida ya cika da 'yan barka. Da suka watse ta ce a kira mata masaƙi, wani tsoho ne a unguwarmu, shi ya saƙa na Baba. Gabana ya yanke ya faɗi. Duk dabarar Iya ta ƙare a nan, zare ya kammala, ga kaka ma ba ta yi ba. Gwaggo ta zauna a ƙasa tana jan carbi.

Masaƙi ya zo ya tsuguna daga bakin ƙofa, suka gaisa, ya yi mata barka da fita. Inna ta juye adudu a kan tabarma ta raba zaren kashi biyu.

"Malam, wannan kashin a fara kai shi marina. A tura shi ya yi shuɗi sosai."

Gwaggo ta saki carbi. "Shuni? A likkafani? Ke kin taɓa ganin an rina likkafani?"

Inna ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Likkafanin wa, Yaya?"

"Naki mana. Ba ke kika ce saura naki ba?"

"Au, shi ya sa ɓera ya yi fitsari a audugata? Shi ya sa mazarina ya je aro a cikin rumbun dawa?" Ta kama haɓa. "Ikon Allah. Ni da abawa zan yi likkafani, sai ka ce buhu za a ɗinka?"

Ta juya ga masaƙi, ta bar ni a bayanta kamar kullum. "Majanyi za ka saƙa mini, fari da shuɗi. Ka buga shi da kyau ya yi ƙarfi, ka ƙara masa tsawo, don mai goyon 'yar birni ce, ba ta iya ɗauri ba." Sannan ta ce wa Gwaggo, "Wata a gidan nan tun bazara take gudun daddawa tana zagayawa bayan rumbu, ta ɗauka duk makafi ne. Ranar na nemi taskirata. Ina zaune ina lissafin watanni, ba abin goyo, ku kuma kun ɗaure mini hannu kuna ba ni burodi."

Iya ta buga guɗa har kaji suka watse. Gwaggo tana dariya tana hawaye tana cewa, "To naki fa? Naki fa?"

"Nawa a sayo farin yadin alawayyo a kanti. Ni ina da aiki."

Ni dai na ja mayafi na rufe fuska, kunya da daɗi suka haɗu suka lulluɓe ni. Duk watannin nan da nake gadin ranta, ashe ita ma gadina take yi, fuskarta na kallon bango. Ban taɓa jin ni 'yar Inna ce ba kamar ranar, kuma ko a ranar ba ta kira sunana ba.

Ban koma Birnin Gwari ba, na zarce da goyon ciki a gida. Bayan an kai dawa rumbu na sauka lafiya, namiji, aka mayar masa da sunan Baba. Sunan ya fi ƙarfin bakin Inna, ba ta taɓa faɗarsa ba mai shi na da rai, balle yanzu. Sai ta ce, "Ga wani mijin Allah ya kawo mini, ko goro bai biya ba." Jika ba a yi masa kunya, don haka duk kallon da ta hana ni tun ina jaririya sai ta juye masa shi gaba ɗaya. Ta rayu har ta ga ya yi gemu, kuma da lokacinta ya yi a alawayyon kanti aka naɗe ta, yadda ta ce.

Da bazara ta zagayo na kawo shi ganin gida, ya fara zama yana kai hannu ga duk abin da ya gani. Aka yi la'asar, Inna ta karɓe shi daga hannuna ba tare da ta dube ni ba, ta goya shi da majanyin nan fari da shuɗi, ta zauna a inuwar rumbu kusa da kifaffen turmi. Ta shafa alli, ta ɗaga auduga, mazari ya fara kukansa. Yaron ya leƙo ta kafaɗarta, ya ga farin abu yana rawa, ya miƙa ɗan hannunsa ya damƙa.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maigida, za ka tsinka mini zare."